Igiyar Shanyar Torika

Shekara talatin da huɗu Torika ta yi tana wanke rigunan 'yan ƙwallon zari-ruga na ƙauyenmu Naivua, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kallon wasa har ƙarshe ba. Cewa take me za ta kalla, ƙarti na birgima a taɓo don su ƙara mata aiki? Riguna goma sha biyar ne, farare, da bishiyar kwakwa a ƙirji irin ta 'yan wasan ƙasa. Wanda ya zaɓa wa masu kokawa a laka farar riga, in ji ta, bai taɓa riƙe sabulu ba.

A wankin nan ta samu miji. Ilaitia mai lamba goma sha ɗaya, shi kaɗai rigarsa ke dawowa fes, don babu mai iya kama shi balle ya kayar. Ta tambaye shi ko ɓuya yake yi in an fara wasa. Bayan wata shida danginsa suka kawo tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman aure da shi. Mutumin kirki ne, sai dai ƙafarsa ba ta zama. A wurinmu ko baƙon yini ɗaya ba ya tashi sai ya nemi sallama an ba shi. Ilaitia kuwa sai ta juyo da kwanon rogo da kifi ta tarar da tabarma wayam. Ta yi mita har ta haifi 'yarsu Litia, ta yi mita har ta aurar da ita.

Naivua a kan hanyar matattu take. Kowa ya sani, har limamin coci, ko da yake ba ya so a faɗa. Duk wanda ya mutu a tsibirin nan, ran kwana huɗu yake kama hanyar yamma, ya bi gefen filin wasa, ya ratsa tsakanin gidan Torika da sandar tutar makaranta, ya gangara dutsen da ake faɗawa teku. Ba a gini a wurin, ba a jingine kwalekwale, ba a ɗaura igiya. Mai tsallakawa yakan sunkuya ya ce gafara. Shi ya sa Torika ke rungumar baho har bayan coci ta yi shanya.

Wata Talata da hantsi Ilaitia ya faɗi ya mutu a gonar rogo da adda a hannu. Ya fita kamar kullum, bai ce mata uffan ba, kuma wannan ya fi mutuwar kanta tsaya mata a rai.

Ran kwana huɗu da sassafe ta ɗaura igiya daga ginshiƙin gidanta zuwa sandar tuta, ta tare hanyar, ta jera rigunan nan duka a kai. Da rana ta take, iska ta ɗauke ɗif, shuɗiyar tutar ta kwanta jikin sanda. Riguna goma sha huɗu suka rataya shiru. Mai lamba goma sha ɗaya ce ta cika ta turo gaba, kamar da ƙirjin mutum a ciki, wurin ya ɗauki ƙamshin man kwakwar da Ilaitia ke shafawa.

Torika ba ta ji tsoro ba, daɗi ta ji. Ta jawo tabarma ta zauna.

"To, Baban Litia," in ji ta, "yau dai ka tsaya."

Kullum nan take yini. Ta ba shi labarin gona, ta yi masa faɗan shekara da shekaru, ta ajiye masa shayi ya huce. Rigunan suka ƙi bushewa, ruwan da ke ɗiga daga cikinsu kuwa gishiri ne. Ran Asabar samari suka shiga fili da singileti, aka lallasa su, babu wanda ya yi ƙarfin halin zuwa neman riga.

Sai wata tsohuwa ta mutu a ƙauyen kan tudu, ran kwana huɗu riga mai lamba uku ita ma ta cika ta turo gaba. Bayan mako guda aka ƙara biyu. Karnuka suka daina ratsa fili. Masu wucewa da rana tsaka suka ce suna jin haki a bayan shanyar, irin na waɗanda suka sha gudu.

Dattawa suka aiko Apakuki, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, wanda bai taɓa wuce ta ba tare da ya kira ta tsohuwar agwagwa ba. Ya zauna a ƙasa, ya tafa hannu, ya miƙo tabua. Wanda ya karɓi tabua ya karɓi roƙon da ke bayansa, ba ja da baya. Torika ta ɓoye hannayenta cikin zane, ta ce ya koma gindin akushin yangona, jiƙon saiwar da maza ke taruwa sha, inda ya fi amfani. Ya ce matattun da suka taru bayan mijinta ba su yi mata laifin komai ba, kuma suna da masu jiransu a can. Ta ce in ta kwance igiyar nan Ilaitia zai wuce ko waiwaye babu, kamar yadda ya saba.

"Ke dai agwagwa, wanki ya cinye miki kai," in ji Apakuki. "Da kin taɓa kallon wasa har ƙarshe, da kin sani. Mutumin da ƙarti goma sha biyar ba sa iya tarewa, igiyar shanya ce za ta tare shi?"

Ta dubi rigar mijinta, sannan ta fito da hannu ta karɓi haƙorin. Ta shiga sauke rigunan ɗaya bayan ɗaya. Kowace cikakkiya ta cire sai ta saki a hannunta, ciyawa ta kwanta ta nufi yamma. Ta cire lamba goma sha ɗaya a ƙarshe, ta kwance igiyar ta yar. Hanya ta buɗe har bakin teku.

Rigar ba ta saki ba. Tana riƙe da ita ta kafaɗu, cike, da nauyi, da ɗumi. Nan Torika ta gane cewa sallama yake nema, ita yake jira tun ranar farko. Kuka ya zo mata, ta so ta ƙi, don ta san in ta yi shiru zai tsaya har ta mutu. Ta dai faɗi abin da ake faɗa wa baƙo.

"Na ji, Baban Litia. Na sallame ka. Ka sauka lafiya."

Rigar ta zama ƙyalle a hannunta. Ta kai ta bayan coci tare da sauran, kafin la'asar ta bushe ƙarau. Har aka buga gangar addu'ar yamma Torika na tsaye tana shafa ta, tana neman inda ya rage da danshi.