Ranar da Na Yi wa Kaina Kanikanci

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga alamar zai iya kwashe wata ranar Lahadi da na canza wa motata fad ɗin birki da hannuna ba. Har yau in na tuna sai in fashe da dariya ni kaɗai, alhali a ranar saura ƙiris a yi mini salla.

Lokacin tashin hankalin nan ne, da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola da Jimeta. Ko'ina shinge. Duk Lahadi sojoji kan tare titin da ke gaban cocin unguwarmu a Gwadabawa da durom-durom cike da yashi, kuma kowa ya san dokar: mota ta tsaya tun daga nesa. Wadda ta taho ba ta tsaya ba, ba a tambayarta dalili, wuta ake buɗe mata.

Ni malamin makaranta ne, alli na sani. Amma kanikena ya kwashe iyalinsa ya tafi garinsu, ga birkina na ƙugi kamar ana wasa wuƙa. Sai na ce wa raina, haba, sau nawa na tsaya a kansa yana wannan aikin? Na sayo sababbin fad, wato 'yan takalman nan da ke damƙe faifan taya in an taka birki, a shagon maƙwabcina, wani Inyamuri mai sayar da kayan mota wanda 'ya'yansa biyu ke ajina. Ya ce in bari ya turo mini mai ɗaurawa. Na ce masa ba sai an wahalar da kowa ba.

Da sassafe na fito ƙofar gida, ƙarƙashin dogonyaro. Na ɗaga mota da jak, na kwance taya, na zare tsofaffin da suka cinye har ƙarfe. Na sa sifana na danne fistin, ƙarfen da ke tura fad ɗin, ya koma ciki, sababbin suka zauna daram. Na yi ɗaya ɓangaren. Wallahi da na miƙe ji na yi kamar ni na ƙera motar. Har zagaya ta na yi sau biyu ina fito, ina fatan wani ya wuce ya tambaye ni me nake yi.

Sai ga Goggo, yayar babana, ta fito da ƙatuwar kula cike da kunun gyaɗa. Bikin suna za ta je a Girei, kuma na yi alkawarin kai ta. Ta dubi hannuwana baƙi ƙirin, ta dubi motar.

"Ɓingel am, kai ne ya gyara wannan mota?" Haka take kirana da Fillanci, wato ɗana.

"Ni ne, Goggo. Yau za ki ji birki."

Ta kuwa ji shi.

Motar dama tana fuskantar titi, layinmu kuma ɗan gangare ne har bakin cocin. Birkin hannu ya daɗe da mutuwa, dutse nake sa wa taya. Na ture dutsen, na tayar, muka gangara ina ba Goggo labarin yadda kanikawa ke mayar da ƙaramin abu babba. Da na hango durom-durom ɗin, sai na ɗora ƙafa a kan birki cikin ƙasaita.

Ƙafata ta wuce zuruf har ƙasa. Babu komai a wurin.

Na ga sojan da ke gaba ya ɗaga hannu. Muna tafiya. Ya daka tsawa. Muna tafiya. Ya sauke bindiga daga kafaɗa, na biyun ya durƙusa bayan buhunan yashi, mata masu shiga coci suka watse da gudu, ɗankwali na faɗuwa. Goggo ta rungume kularta tana salati da Fillanci da Larabci a haɗe. Ni kuwa babu wata dabara da ta zo mini. Tsoro ne kawai ya sa ƙafata ta riƙa dukan birkin, ɗaya, biyu, uku, kamar mai kashe kunama. A duka na biyar ko na shida sai na ji ya yi tauri, motar ta yi wani irin ƙiii ta ƙame. Tsakaninmu da durom bai kai taku ɗaya ba. Murfin kula ya yi tsalle, kunun gyaɗa ya wanke gilashi, ya wanke ni, ya wanke Goggo.

Na fito da hannuwa sama, kunu na ɗiga daga gemuna, bakin bindiga na kallon ƙirjina. A nan na haƙiƙance tawa ta ƙare.

Sai ga maƙwabcina ya fito daga ƙofar coci a guje, cikin kwat ɗinsa na Lahadi, ya shiga tsakanina da bindigar.

"Oga, abeg! Kar ka harba! Ticha ne, shi ne yana koya ma yarana lissafi! Jiya-jiya na sayar masa fad!" Ya juyo kaina yana haki. "Malam, ka yi fomfin?"

"Fomfin me?"

Ya dafe kai da hannu biyu. Shi ya bayyana mini, a gaban kowa, cewa in ka danne fistin ya koma ciki, dole ka zauna ka yi ta taka birki kafin mota ta motsa, har fistin ya dawo ya kama sabon fad. In ba haka ba, takun farko iska za ka taka. Sai a lokacin na tuna kanikena kullum in ya gama yakan shiga motar ya zauna yana ta motsa ƙafa. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka hutawa yake, yana jin rediyona.

Sojoji suka bincike motar tas, ba su samu komai ba sai kunu. Babbansu ya daure fuska, amma na ga gefen bakinsa na rawa. Ya ce tunda malami ne ni, in shiga in yi fomfin sau hamsin ina ƙirgawa da ƙarfi. Na yi, mutanen coci na taya ni ƙirga, cikinsu har da iyayen ɗalibaina. Goggo ta fito tana matse gyalenta, ta yi wa maƙwabcina "useko", wato godiya da Fillanci, ya fi sau goma, sannan ta tare keke napep.

"Goggo, ai yanzu birkin ya yi," na ce.

"Ya yi, ɓingel am. Ka je da shi."

Abin da na koya a ranar shi ne kallon aiki ba iya shi ba ne. Na ga duk abin da hannun kanike ke yi, amma abin da ya riƙe raina shi ne wanda na ɗauka zaman banza ne. Tun daga nan, in mai sana'a ya ce in bari ya turo mini wanda ya iya, ba na bari ya faɗa sau biyu.