Kore a Goshin Idrisa

A bakin wani lungu a unguwar Harra ta Gabas, wani dattijo mai fentin gidaje yana zaune kan kifaffen bokiti, gemunsa da ɗigon shuɗi, tabarau ɗaure da zare. Da gani ya yi shekara talatin yana shafa wa bangon mutane fari, launukan da ke ransa kuwa sai a kan katako yake sauke su.

Hajo na tsaye a kansa. Hoton mijinta marigayi Idrisa ɗaya ne tak, na tsohuwar iƙama, katin izinin zama a ƙasar, ya koɗe, ita kuma so take jikokinta su san fuskarsa. Shi ya sa ta ba dattijon aikin zana shi a katako, ga shi ya maka masa kore a goshi, ruwan lemo a kumatu.

"Ya usta, haram alaik! Haba mai fenti, ka ji tsoron Allah! Mijina ne wannan ko kankana?"

"Hajiya, ba ƙarƙashin koriyar fitilar shagon dabino yake wuni ba? Ni haka na san shi."

Hajo ta matso, ta daɗe tana kallo, tana murza bakin mayafi. Can ta nuna da yatsa.

"To, ƙara ja a kunnen nan. Haka yake yi in na fi shi gaskiya."