Mai Taga, Wanda Ya Daina Miƙa Hannu

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin, wanda aka fi sani da Mai Taga, a shekarar 1958 a wani gari na bakin titin jirgin ƙasa. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya kammala makarantar haɗa magunguna a 1980, kuma abokan karatunsa sun shaida cewa a zamanin ko kaza ya tarar a hanya sai ya gaishe ta.

Aiki da aure

A 1981 aka ɗauke shi aiki a ɗakin magani na asibitin garin, yana miƙa magani ta wata 'yar taga, shi kaɗai a aikin mutum uku. Layi ba ya ƙarewa, magani kuwa kullum a ƙare, kuma duk "babu" da ya furta zagi ne ladanta. Ya yi aure a 1984, Allah ya azurta shi da 'ya'ya uku.

A 1992 wani magidanci da aka ce wa babu maganin 'yarsa, yarinyar kuma ta rasu, ya dawo tagar da fara'a, ya yi sallama, ya miƙo hannu. Marigayin ya miƙa nasa. Mutumin ya damƙe, ya yanke shi da aska har ƙashi. Hukumar asibitin ta ce wai gilashi ne ya yanke shi, alhali tagar ba ta da gilashi, sannan ta mayar da shi wurin tun ba a cire zaren ɗinkin raunin ba.

Bayan raunin

Daga nan hannunsa na dama ya tare a aljihu. Da faranti yake tura magani, ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, wanda ya yi masa murmushi kuwa ya shiga zargi. Maƙwabta suka ce girman kai ne, wasu suka ce laya yake riƙe da ita. Abin takaicin, ranar da babban ɗansa, mai shekara bakwai, ya rugo da hannu a miƙe, sai uban ya ja da baya ya ce, "Me ka ɓoye?" Yaron ya girma yana zaton ubansa ba ya ƙaunarsa.

A 2009 wani likita ya tabbatar masa cewa razana ce irin wadda tashin hankali ke bari, kuma tana da magani. Bai je ya karɓa ba, domin ta taga ake bayarwa.

Rasuwa

Ya rasu a 2017 bayan gajeriyar jinya. Babban ɗan ne ya yi masa wanka, kuma da ya zo kan hannun ya daɗe yana riƙe da shi, har sai da liman ya yi gyaran murya. An binne shi kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa, da Auta malamar makaranta, da ta tsakiya mai ɗinki, da babban, direba, wanda duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya san ba ya saurin sakin hannu.