Safiyar da Jif ɗin Dinar Wali Ta Ƙi Tashi

Dinar Wali a kan sitiyari ya tsufa. Tun yana saurayi yake jan wata jif mai shan dizal tsakanin ƙauyensu na can saman kwari da garin Chitral, a hanyar da dutse ke hannun dama, kogi na ruri can ƙasa a hannun hagu. Duk amaryar da aka kai a ƙauyen shi ya kai ta, duk gawar da ta dawo daga asibiti a bayan motarsa ta dawo.

Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. In hunturu ya shigo itace ya jiƙe, mata kan zo da kofi su zura siririyar mesa a tankinsa, su zuƙi ɗan man hura murhu. Da can sai an yi sallama an roƙa. Daga baya sai a ɗiba sannan a faɗa. Daga baya faɗar ma aka bar ta.

Matarsa Gulandam ita ce damuwarsa. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, har ta kai da laluben bango take zuwa murhu. Sau ɗaya a shekara likitocin ido ke hawowa Chitral su yi aiki kyauta, su gudu kafin ƙanƙara ta toshe hanya. Bana an ba Gulandam rana ta ƙarshe, aka ce su iso kafin azahar. Dinar Wali ya cika tanki taf tun da sauran kwanaki, ya ajiye motar a bayan gida, ya ƙi kowane haya. Sai ƙanƙara ta sauko da wuri, ya shige ɗaki yana jinyar matarsa.

Ranar tafiya ya zaunar da ita a gaba, ya lulluɓe ta da bargo, ya yi bisimilla ya murza makulli. Injin ya juya da ƙarfinsa, amma bai kama ba. Ya sake, haka. Ya sake.

Kafin ya buɗe bonet mutane sun taru, kowa da kofin shayin gishirinsa.

"Batir ne," in ji Mirza Nadir mai kanti. "Tun bara nake gaya maka batirin nan ya girmi ɗana."

"Batirin da ke juya inji haka?" in ji Dinar Wali. "Yaya Mirza, ka tsaya kan sayar da sukari."

"To a tura ta!" in ji Sher Azam mai injin niƙa.

"A tura ta ina, cikin kogi?"

Shi Dinar Wali sanyi ya zarga, don dizal kan daskare a tsaunin nan ya koma kamar man shanu. Aka kawo garwashi a kasko aka tura ƙarƙashin tanki kamar yadda aka saba, aka kwarara ruwan zafi a kan filta. Ya murza makulli. Babu labari.

Ya sassauta ƙusar saman filta, ya danna famfon hannu. Maimakon mai, sai kumfa da huci. Iska ta shiga layi ke nan. Ya ɗauka bututu ne ya tsage, ya kwanta rigingine cikin ƙanƙara, dattijo da shi, yana bin bututun da yatsa har hannunsa ya mutu. Bai sami ko ɗigo ba. Tankin kuwa bai zo masa a rai ba, tunda da hannunsa ya cika shi, allurar mai kuma ta daɗe da lalacewa. Duk tsawon lokacin nan mutanen suna tsaye a kansa suna ba da shawara. Babu wanda ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani.

"Malam, rana ta ɗaga ko?" Gulandam ta tambaya daga cikin mota. "Ina jin ɗuminta a fuskata."

"Yanzu za mu tafi," ya ce.

Yana fitowa sifanar da ke hannunsa ta bugi tankin, ya ji ƙara irin ta garwar da ba komai a ciki. Ya ciro sanda a shinge ya zura. Bakinta kawai ya jiƙe.

Ya ɗaga sandar sama kowa ya gani.

"Ni dai kofi ɗaya na ɗiba," in ji wata tsohuwa, Iya Zarin. "Allah shaida ne."

"Mu ma kofi ne, yara na tari," in ji wata mata.

"Ni 'yar jarka ce," in ji Sher Azam yana kallon takalminsa. "Niƙan gari duka ne ya tsaya. Na ce in ka dawo sai in gaya maka."

"In na dawo daga ina, Sher Azam? Da me zan je? Kun san ranar nan! A masallaci na faɗa, kuka ce Allah ya ba ta lafiya. Kuna kallona ina birgima a ƙanƙara kamar jaki, kuna cewa batir ne!"

"Haba Kawu, ai ba ka taɓa hanawa ba," wani ya ce daga baya. Wai shi nan uzuri ya kawo.

Aka watse neman mai. Abin da ya dawo abin takaici ne: ragowa a kofuna da kwalabe, wani da toka, wani da ruwa kwance a ƙasa. Dinar Wali ya tace shi da mayafinsa. Sannan ga aikin fitar da iska, a sassauta bututun nan a danna famfo a ɗaure, a koma na gaba. Lokacin da injin ya yi tari ya kama, ladan ya riga ya kira azahar. Har da masu tafi.

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba a hanyar nan. Da suka iso, harabar asibitin fayau, sai sawun tayoyi a laka. Mai gadi ya ce likitoci sun loda kayansu sun bi hanya, sai kuma baɗi in da rai.

Gulandam ba ta yi kuka ba. Ta laluba ta kama hannun rigarsa. "Mu koma, Malam, ƙafafuna sun yi sanyi."

Kafin su bar gari ya tsaya wurin mai walda, aka sa wa murfin tankin kwaɗo.

Yanzu maganar da ake yi a kantin Mirza Nadir ke nan, wai Dinar Wali ya canja, tsufa ya zo masa da rowa. Iya Zarin ta daina amsa gaisuwarsa. Gulandam kuwa tana can tana laluben bango, hanya ta rufe, kuma har yau ba wanda ya taka gidan ya ce mata ta yi haƙuri.