Hassane, Malamin Turancin Haji Sakhi

Duk wanda ya zauna a unguwar Kurayyat ta Jidda a 'yan shekarun nan ya san Hassane, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar wanda aka aika kuma bai yi niyyar isa ba. Ɗan Damagaram ne. Ya yi lakwal, wato bokon Nijar, har ajin ƙarshe na firamare, ya faɗi jarrabawa, ya koma sayar da batir da tocila a kasuwar Dole. Daga nan ya zo umara yana saurayi, ya manta hanyar komawa. A Jidda ya wanke motoci, ya yi dako a kasuwar Balad, ya yi gadin wani bene a unguwar Safa har ranar da aka same shi yana barci a motar mai gidan da na'urar sanyi a kunne. Daga baya Allah ya haɗa shi da kafili na kirki wanda ya tsaya masa, ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya auri Hadjara, haihuwar Jidda, wadda iyayenta Hausawan Sudan ne.

Mu da muke cin tuwo da shi ranar Juma'a mun san shi da hali ɗaya: bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ka tambaye shi hanyar unguwar da bai taɓa zuwa ba, zai kwatanta maka har da launin ƙofar masallaci. Ka tambaye shi maganin ciwon gwiwa, zai ba ka guda uku, ya haɗa da sunan wanda ya warke. Ba mugunta ba ce. Shi dai yana jin kunya ya bar mutum ya tafi hannu wofi.

Aikin da ya daɗe a kai shi ne na shagon darduma a unguwar Bagdadiyya. Mai shagon, Haji Sakhi, dattijo ne mutumin Herat ta ƙasar Afganistan, mai farin gemu da ƙaramin tumbi. Harshensa Farisanci ne, da Hassane kuwa Larabcin kasuwa suke yi, irin wanda hannu ke ƙarasa abin da baki ya kasa. Aikin Hassane shi ne ya shimfiɗa darduma a gaban mai saye, ya naɗe, ya sake shimfiɗa wata, ya kuma dafa koren shayi.

Ranar da ya fara zuwa neman aikin, Haji ya tambaye shi ƙasarsa. Ya ce Nijar. Haji ya gyaɗa kai ya ce ai ya san Najeriya, mutanen kirki, masu jin Turanci. Hassane yana neman aiki, kuma bai karya ba ranar, sai shi ma ya gyaɗa kai. Haka maganar ta zauna shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta, don babu abin da ya haɗa shagon da Turanci.

Sai aka fara barin 'yan yawon buɗe ido suna shigowa ƙasar. Turawa suka fara gittawa ta ƙofar shago da hular rana da jan wuya, suna leƙe. Haji ya ga ciniki yana wucewa da ƙafafunsa, ya yanke shawarar koyon Turanci a tsufansa. Ɗansa ya sa masa wani shiri a waya, inda wata matashiyar malama 'yar Iran ke koyar da maganganun Turawa na yau da kullum tana bayani da Farisanci. Kullum da safe Haji zai jingina wayar da butar shayi, ya ƙure murya, ya riƙa maimaitawa. In ya gama sai ya juya ya tambayi Hassane ko ya faɗa daidai. Hassane, wanda iyakar Turancinsa gaisuwar safe ce, sai ya karkata kai kamar mai ɗanɗana miya, ya ce da saura kaɗan, a ƙara jan ƙarshen.

Wata safiya darasin ya zo kan abin da Bature ke faɗa idan yana son a fara wani aiki: "Let's get the ball rolling." Haji ya fahimci malamar sarai, ta ce ma'anarsa a fara, a sa abu ya kankama. Amma shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayen abin da bai juya bayansa ya duba ba. Ya dakatar da wayar, ya ce da Hassane ya ji fassarar, abin da bai gane ba shi ne ƙwallon. Wane ƙwallo ne ake garawa, kuma wa ke gara shi?

Hassane ya ajiye tsintsiya. Ya ce ai malamar ta ba shi rabin karatu ne kawai, yarinya ce, da ƙyar in ta taɓa zama da Bature. Su kuwa da Ingilishi suka mulka sun gani da idonsu. Bature ba ya fara muhimmin abu sai an gara ƙwallo a ƙasa, kamar yadda Musulmi ba ya fara cin abinci ba bisimilla. Kakansa ma yana wurin ranar da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a garinsu, babban Bature ya gara ƙwallo kafin jirgi ya yi kuka. Damagaram dai ba Ingilishi ne suka mulke ta ba, kuma har yau ko taku ɗaya na layin dogo babu a cikinta.

Haji ya shafa gemu. Ya ce abin ya yi ma'ana, don ya daɗe yana mamakin yadda manyan mutane ke kashe kansu a kan ƙwallo.

Da Hassane ya koma gida ya ba da labarin a kan abinci yana alfahari. 'Yarsa Ilham, wadda ke aiki a wani kantin magani kuma ta yi Turanci a makaranta, ta ajiye cokali. Tana jin Hausa tsaf, amma in ranta ya ɓaci da Larabci take amsawa.

"Haram alek, Baba, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Magana ce kawai. Kamar ka ce yalla, mu fara. Babu wani ƙwallo."

Hadjara ta ce masa gobe da safe ya je ya faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya, mutumin da ya riƙe su da mutunci. Hassane ya ce ai dama niyyarsa ke nan.

Da niyyar ya tafi kuwa, in ji shi. Amma yana shiga shago ya tarar da sabon ƙwallo fari da kore a kan teburin Haji, ko ledarsa ba a cire ba. Haji ya tashi da wuri ya sayo. Hassane ya dubi ƙwallon, ya dubi fuskar dattijon tana sheƙi, sai ya ce an zaɓo mai kyau, irinsa Turawa ke so. Suka raba aiki: Haji zai miƙe ya ɗora hannu a ƙirji ya faɗi maganar, Hassane kuma ya gara ƙwallon a hankali daga bayan shago zuwa ƙafar baƙo. Sun yi gwaji kwana da kwanaki, maƙwabcinsu mai sayar da labule yana tsayawa a matsayin Bature.

Baƙin gaske sun zo wata rana bayan la'asar, wani tsohon Bature da matarsa, rana ta gasa su sun yi jawur. Aka ba su kujera, Hassane ya kawo shayi a faranti ya ajiye a gefen wata dardumar siliki da Haji ke ji da ita kamar 'yar fari. Haji ya miƙe, ya ɗora hannu a ƙirji, ya faɗi maganarsa da ƙarfi, har ya ja ƙarshen yadda aka koya masa. Hassane ya gara ƙwallo.

Tsohon ya ga ƙwallo na nufo shi, ƙuruciya ta motsa masa. Ya tare da ƙafa, ya gyara tsayuwa, ya mayar da shi da gefen takalmi. Ƙwallon bai koma wurin Hassane ba. Ya daki farantin, buta ta kife, shayi ya malale a kan siliki.

Matar ta dafe kumatu ta fara ba da haƙuri, sai Hassane ya ji harshen da rabonsa da shi tun yana sa gajeren wando. Faransanci ne. Kafin ya yi tunani bakinsa ya buɗe da kansa, ya ce mata ba komai, laifinsa ne, da irin ladabin da ake yi wa malamin lakwal mai bulala a hannu. Matar ta yi murna kamar ta ga ɗan'uwa. Suka kama hira yana goge shayi da tsumma, kalmomi suna fito masa ɗaya-ɗaya kamar tsofaffin kaya daga ƙasan akwati. Ta tambaye shi garinsu, ya ce Zinder, wato Damagaram.

Haji yana tsaye yana saurare. Watanni ya yi yana karatu, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Ya tambayi Hassane da Larabci wane irin Turanci ne wannan. Hassane ya ce na mutanen kudu ne, yana da ɗan nauyi.

Da an bar shi da ya tsira. Amma tsohon, cikin son gyara ɓarnar da ya yi, ya matso kusa da Haji da 'yan guntayen Turancinsa, yana yaba masa ma'aikacinsa mai jin Faransanci. Haji ya ce a'a, ɗan Najeriya ne. Tsohon ya ciro waya, ya buɗe taswira, ya nuna masa da yatsa: ga Najeriya a ƙasa, ga Nijar a sama, ga Zinder. Haji ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

Baƙin sun sayi ƙaramar darduma suka tafi suna ta dariya, har tsohon ya nemi a ɗauke shi hoto da ƙwallon. Haji ya ɗauko auduga. Shi da Hassane suka durƙusa suna tsane silikin da auduga da ruwan sanyi har aka kira magariba. Sai da suka dawo daga masallaci Haji ya zauna, ya nuna wa Hassane kujerar baƙi.

"Hasan jan," ya ce, don haka yake kiransa in maganar ta gida ce, "Turanci nawa ka sani?"

"Gud monin, ya Haji."

"Sai me?"

"Sai na ƙwallon nan. Shi ma a wurinka na ji."

"Kakanka fa, da jirgin ƙasa?"

"Allah ya jiƙansa, raƙumi ne babban abin hawan da ya taɓa gani."

Haji ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Hassane ya ce ya ɗauka kuka yake yi saboda silikin, har ya fara tunanin inda zai nemi wani aiki. Da dattijon ya ɗago, hawaye ne a idonsa amma na dariya. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya riga ya kira ƙaninsa a Herat ya koya masa al'adar ƙwallon, shi kuma ya faɗa wa jama'a a masallaci.

Bai kore shi ba. Hukuncin da ya yanke shi ne, daga ranar Hassane zai riƙa zama kusa da shi kowace safiya su ɗauki darasi tare, tunda duka jahilai ne. Halas, magana ta ƙare, ba ɗaukaka ƙara. Matsalar ita ce malamar da Farisanci take bayani, kuma bayanin ya fi Turancin yawa. Bayan shekara guda Turancin Hassane bai wuce inda yake ba, amma ya iya Farisancin da zai yi ciniki, ya yi tsegumi, ya zagi direban da ya tare ƙofar shago. 'Yan Afganistan masu gasa gurasar tamis a unguwarmu suna ganinsa suke faɗaɗa masa tasa gurasar.

Bara Haji Sakhi ya bar wa ɗan ƙaninsa shagon, ya koma Jamus wurin babban ɗansa saboda ciwon zuciya. Hassane yana nan yana naɗe darduma, ko da yake bayansa ya fara gardama, Ilham kuma tana matsa masa ya huta. Haji yana kiransa a waya duk Juma'a bayan an sauko, su yi ta surutu da Farisanci Hadjara tana harararsa don ba ta san ko da ita ake ba. Kwanan baya Hassane ya gaya mana cewa dattijon yana ƙorafi: duk wahalar da ya sha kan Turanci, maƙwabtansa a can Jamusanci suke yi, likitansa kuma ɗan Kabul ne mai jin Farisanci.