Ranar da Wayata Ta Bi Albasa Kudu

In dai ina numfashi, ba zan manta da kakar albasar da wayata ta tafi Kudu ta bar ni ba.

Ni mutum ne mai son doka, musamman wadda ba ta hau kaina ba. Yarana biyu ƙanana sun maƙale wa kallon katun a wayata, ko tuwo suke ci ido na kanta. Sai na kafa doka a gidana na ƙauyen Kashin Zama: ba kallo sai an taso Islamiyya, shi ma rabin awa. Na ce wa uwarsu duk sa'ad da na ajiye wayar ta ɓoye ta. Amma yaran nan kamar ɓeraye, ko ƙarƙashin katifa aka sa sai sun tono.

Rannan ina wanka, baiwar Allah ta cusa ta cikin buhun albasa a zaure, tunda nan ne kaɗai ba su zuwa. Na fito a gaggauce na ɗinke buhunan, muka kai Aliero aka loda a tirela. Sai da mota ta tashi na shafa aljihu. Na ari waya na kira gida, ta faɗa mini inda ta sa.

Na hau babur na bi su da gudu, har hulata ta faɗi ban tsaya ba. Na wuce Jega, na cim musu a Maiyama direba ya tsaya salla. Aka kira lambata, sai ga waƙar katun ɗin da yaran suka sa mini tana tashi daga tsakiyar lodi. Jama'a suka kwashe da dariya. Direba ya ce, "Alhaji, in sauke wanga lodi don waya guda? Ka bari in na dawo in kawo maka."

Kwana tara ta yi. Ranar farko yaran sun yi kuka, washegari sun koma ƙera motar kara, sun manta. Ni kuwa, wallahi, kamar an yi mini rasuwa. Ina ta shafa aljihu, ina faɗa da kowa har da awaki. Ashe ni ma ban iya cin tuwo sai ina kallon dambe a waya.

Rana ta huɗu ina zaune na yi tagumi, ɗiyata 'yar shekara biyar ta dafa mini gwiwa ta ce, "Baba, ka yi hanƙuri, taho mu yi mota. Mu ma haka munka ji, amma yana wucewa."

Uwarsu ta shige ɗaki tana dariya. Ni kunya ta rufe ni, na sauka ƙasa na karɓi kara.

Wayar ta dawo tana warin albasa, doka kuma tana nan har yau, sai dai yanzu da ni a ciki. Tun ranar na gane yaro ba dokar bakinka yake bi ba, abin da ya ga hannunka na yi shi yake yi.