Gansakukar da ke bangon Baffa

Shekarun baya, lokacin Jigawa tana sabuwar jiha, aka dawo da maigidana aiki Dutse daga Kano. Muka samu gida mai siminti a tsakar gida, ni kuwa murna kamar an naɗa ni sarauta. A daminarmu ta farko mahaifina, Baffa, ya zo daga rugarmu ta wajen Miga, ya ce ƙannena sun karɓi kiwo, zai ɗan huta a wurinmu. Ya taho da tunkiyarsa guda wadda ba ya rabuwa da ita.

Da ruwa ya kankama, gansakuka ta kama bangon da ke kusa da randa, inda Baffa yake alwala. Simintin ma ya yi kore shar, ga santsi. Wata rana na ɗauko tuwo, santsi ya kwashe ni, sai ga ni zaune daɓas, miyar kuka har gira. Ina murza ƙugu tsoro ya kama ni. Ni na faɗi na tashi, Baffa fa?

Maigidana ya ce zai karɓo ruwan batir wurin wani abokinsa bakanike, a watsa mata ta ƙone. Baffa yana kan buzunsa ya ce, "A'a. Tunkiyata tana lasar bangon nan. Ku ƙyale ta, rani zai kashe ta."

Na ce, "Baffa, kafin rani ta karya wani."

Ranar Juma'a, da maigidana ya goya shi a babur suka tafi masallaci, na tafasa ruwa na kwarara, na barbaɗa tokar murhu da yashi, na bari ta jiƙa. Sannan na durƙusa da tsintsiyar kwakwa da guntun katako, na yi ta kankara har hannuna ya yi kanta. Kafin su dawo wuri ya yi fes. Na zauna ina jiran yabo.

Da la'asar Baffa ya fito da buta, hannunsa na hagu a jikin bango. Ya zo daidai randa, ya wuce ta. Ya tafi har bakin akurkin kaji ya tsaya, yana shafa bangon sama da ƙasa. Ya juyo, ya sake wuce ta.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ina danshin nan ya tafi?"

"Na kankare shi, Baffa."

Ya yi 'yar dariya. "To kin kankare min ido. In hannuna ya taɓa laushin nan, na san randa tana gabana."

Na matsa na ɗaga hannu a gaban fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Baffa, tun yaushe?"

"Tun kaka nake gani kamar ta cikin hayaƙi. Shi ya sa na bar shanun. Ban so in ɗora muku nauyi ba."

Na kama hannunsa, abin da rabona da yi tun ina bin sa mashayar shanu, na kai shi gaban randa. Ina zuba masa ruwa hawaye na zuba, ina gode wa Allah da ba ya ganina. Ya ce, "Ki daina, ina jin numfashinki."

Muka kai shi asibitin ido a Kano, aka ce yanar ido ce. Aka yi aiki, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka kwance masa bandeji ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe ƙiba kika yi a birni."

Ya yi shekaru yana gani da idon nan kafin Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa. Abin da har yau yake taɓa min zuciya shi ne, kullum safiya ina durƙusawa in gaishe shi, yana cewa lafiya lau, ni kuma ina tashi in kama aikina. Yanzu in na je gaida tsoho ba na saurin miƙewa. Nakan zauna har ya tashi, in ga yadda yake neman takalminsa.